Pierre de Fermat: Alƙalin da ya bar wa masana lissafi jan aiki

An haifi Pierre de Fermat a farkon ƙarni na 17 a garin Beaumont-de-Lomagne da ke kudancin Faransa. Shari'a ya karanta, ya kuma yi aikin alƙalanci a birnin Toulouse. Lissafi kuwa sai ya sami sukuni yake taɓawa.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne ɗan rubutun da ya yi wajajen 1637 a gefen shafin wani littafin Diophantus, masanin lissafi na zamanin da.

Sanannen abu ne cewa 3 sau 3, idan aka haɗa da 4 sau 4, za a sami 25, wato 5 sau 5. Fermat ya yi iƙirarin cewa idan kowace lamba ta bayyana sau uku ko fiye a cikin ninkin, babu wasu cikakkun lambobi uku sama da sifiri da za su daidaita haka. Ya ce yana da hujja, amma gefen shafin ya yi masa kaɗan.

Ya mutu a garin Castres a 1665 ba tare da ya bayyana hujjar ba. Ɗansa Samuel ne ya wallafa rubutun a 1670.

Matsalar ta gagari manyan masana fiye da shekaru 350, sai a 1994 Andrew Wiles, ɗan ƙasar Ingila, ya warware ta da dabarun ƙarni na 20. Wannan ne ya sa akasarin masana ke shakkar cewa Fermat ya mallaki ingantacciyar hujja.