Al-Jahiz: Malamin Da Ya Nemi Ayoyin Allah A Halayen Dabbobi

Abu Usman Amru ɗan Bahar, wanda aka fi sani da Al-Jahiz, an haife shi a birnin Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 776 Miladiyya. An yi masa wannan laƙabi ne saboda idanunsa sun firfito waje. Ya tashi cikin talauci, har an ruwaito cewa yana yaro ya yi tallar gurasa da kifi. Amma rashin abin hannu bai hana shi neman ilmi ba. Ya ɗauki lugga wajen Al-Asma'i da Abu Ubaida, an kuma ce yakan yi hayar shagunan masu sayar da littattafai ya kwana ciki yana karatu.

Daga bisani ya zauna a Bagadaza, hedkwatar Daular Abbasiyya, inda sunansa ya ɗaukaka. Cikin littattafansa babu kamar Kitabul Hayawan, watau Littafin Dabbobi, mai juzu'i 7, wanda ya sadaukar ga Waziri Ibnuz Zayyat. A ciki ya tattara ayoyi da hadisai da waƙoƙin Larabawa da maganganun Aristotal, masanin Yunanawa. Sai dai bai karɓi kowace magana ido rufe ba. Yakan tambayi maharba da masunta da makiyaya, ya kuma duba da idonsa.

Ya bayyana yadda tururuwa ke fasa ƙwayar hatsi a ramin ajiyarta don kada ta tsiro, in ta jiƙe kuma ta fitar da ita ta shanya. Ya yi bayanin yadda ake horar da tattabara har ta komo gida daga wuri mai nisa. Manufarsa ita ce ya nuna cewa hikimar Mahalicci a jikin ƙuda ba ta gaza wadda ke jikin giwa ba. Ai ko Alƙur'ani mai girma yana da surorin da ke ɗauke da sunan tururuwa da zuma da gizo-gizo.

Malaman Sunna sun saɓa masa a aƙida, domin shi ɗan Mu'utazila ne, almajirin An-Nazzam, amma ba a musanta fasaharsa ba. Da tsufa ya zo, ɓarin jikinsa ya shanye, ya rasu a Basra cikin shekara ta 255 Hijiriyya.

A yau masu binciken halayen dabbobi sun kafa ƙungiyoyi da mujallu. Ya kamata ɗaliban Musulmi su san cewa wani kakansu ya riga ya taka wannan hanya shekaru fiye da 1,100 da suka wuce. Allah Ya gafarta masa, amin.