Likita Noel Chavasse: Jarumin da Ya Ɗauki Gicciye Biyu

'Yan'uwa, in an ambaci jarumin yaƙi, mukan tuna da mai takobi ko mai bindiga. Yau za mu duba rayuwar wani jarumi wanda aikinsa a fagen fama shi ne ɗaure rauni da ɗauko waɗanda suka faɗi.

An haifi Noel Chavasse a birnin Oxford na ƙasar Ingila ran 9 ga Nuwamba, 1884. Tagwaye ne shi da ɗan'uwansa Christopher. Mahaifinsu ya zama Bishop na Ikkilisiyar Anglikan a Liverpool a 1900. Tagwayen sun yi tseren mita 400 a wasannin Olamfik na Landan a 1908. Noel ya gama karatun likita a 1912, ya shiga sashen likitocin soja a 1913.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, aka tura shi bakin daga tare da wata bataliya ta mutanen Liverpool. A 1915 ya sami lambar Gicciyen Soja saboda aikinsa a Hooge ta ƙasar Beljiyam.

Ran 9 ga Agusta, 1916, a Guillemont ta Faransa, ya yini yana jiyyar masu rauni a fili, harsasai na zuba. Da dare ya yi ta neman waɗanda aka bari kwance, har ya kai yadi 25 daga ramukan Jamusawa. Ko da ɓarɓashin bam ya same shi a kwiɓi, bai fasa ba. Ya ceci kimanin mutum 20. Domin haka aka ba shi Gicciyen Biktoriya, lambar jaruntaka mafi girma a Birtaniya, wadda aka kafa a 1856.

Ran 31 ga Yuli, 1917, a Wieltje ta Beljiyam, ya sami rauni a ka yana ɗauke da wani soja. Ya ƙi barin aikinsa, ya ci gaba kwana biyu cikin yunwa da gajiya. Ran 2 ga Agusta bam ya faɗa wurin da yake jiyya, ya ji masa mummunan ciwo a ciki. Ya rasu ran 4 ga Agusta yana da shekara 32. Bayan rasuwarsa aka ba shi lambar karo na biyu.

Mutum uku kaɗai suka taɓa samun wannan lamba sau biyu, biyu daga cikinsu likitoci ne: shi da Arthur Martin-Leake. A kan dutsen kabarinsa a Brandhoek an zana lambobin nan biyu, tare da ayar Yohanna 15:13, wadda ke magana a kan ba da rai domin abokai.

Mu ma akwai masu rauni kewaye da mu, a asibiti da cikin unguwa. Allah ya ba mu ƙarfin hali mu je inda suke.