Ladi Kwali: maginiyar tukwanen da ke bayan naira ashirin

Idan akwai naira ashirin a aljihunka, ko a Sabo ta Ibadan kake ko a Agege, ciro ta ka juya bayanta. Matar nan da ka gani tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali. Da yawanmu mun sha miƙa takardar nan wajen mai shayi ba mu taɓa tambayar wace ce ita ba.

An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, wanda yau yake cikin Babban Birnin Tarayya, Abuja. Ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda matan yankin suka gada. Yadda suke yi kuwa, ana murza yumɓu ne ya yi kamar igiya, a ɗora zagaye ɗaya a kan ɗaya, maginiya tana kewaya tukunyar tana shafe ta har ta tashi. Aikin ba ya son gaggawa, don in ƙasa bai yi ƙwari ba ka ɗora masa nauyi, sai ya zube.

A haka ta yi ta gina randuna da tuluna, tana zana musu ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi. Hannunta ya yi ta faɗawa har tukwanenta suka shiga fadar Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda yanzu ake kira Suleja. A fadar ne wani Bature maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, ya ga aikinta a 1950. Shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, kuma a 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

To a nan ne abin lura yake. Tana da kusan shekara talatin, ta riga ta yi suna, amma ta yarda ta koma ɗaliba. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta koyi shafa wa tukunya ruwan sheƙi, ta koyi gashi a matoya mai tsananin zafi. Duk da haka ba ta yar da abin da ta zo da shi daga gida ba. Manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su, da zanen dabbobinta na Gwari, sai dai yumɓun da gashin ne suka sauya.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. A 1972 ta zaga Amurka tana nuna yadda ake ginin a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980, sannan OON a 1981. Daga shigarta cibiyar zuwa digirin nan shekara 23 ne cur.

Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Cibiyar Suleja tana ɗauke da sunanta, haka ma wani titi a Abuja.

Mu da muke zaman neman abinci a Kudu, wannan tarihi ya shafe mu. Yaro ya zo Legas bara, bana yana son ya ga ya mallaki shago, in bai samu ba sai ya watsar da ɗinki ko gyaran takalmin da ya fara koya, ya hau acaɓa, gobe kuma ya sake wata. Shekara goma ta wuce bai ƙware a komai ba. Hausawa dai sun ce da yayyafi kogi kan cika. Duk wanda yake da yaro a hannunsa yana koyon sana'a, ya nuna masa bayan naira ashirin, ya faɗa masa shekarun da matar nan ta ɗauka tana murza yumɓu kafin a san ta.