Tarihin Ida Tarbell, Ƴar Jaridar Da Ta Tona Asirin Masu Babakere A Kasuwar Mai Ta Amurka

Yau filin namu na tarihin mashahuran mutane zai leƙa ƙasar Amurka ne, domin kawo muku labarin wata mata mai suna Ida Tarbell, wadda ta yi fito-na-fito da attajirin da ya fi kowa kuɗi a zamaninsa, wato John Rockefeller, ba ta da makamin da ya wuce alƙalami da haƙurin bin diddigin takardu.

An haifi Ida Tarbell ran 5 ga watan Nuwamba na shekara ta 1857 a jihar Pennsylvania. Tana gab da cika shekara biyu aka haƙa rijiyar mai ta farko kusa da garin Titusville, cikin 1859, nan da nan kuwa jama'a suka yi ta kwarara yankin neman arziki. A wancan lokaci ba mota, saboda haka abin da ake nema cikin ɗanyen mai shi ne kananzir na kunna fitila. Mahaifinta Franklin Tarbell ya fara da ƙera manyan tankunan katako na ajiyar mai, daga baya shi ma ya shiga harkar man da ɗan jarinsa, kamar ɗaruruwan maƙwabtansa.

Tana da shekara 14, cikin 1872, aka yi abin da bai taɓa fita daga ranta ba. Rockefeller, wanda ya kafa kamfanin Standard Oil a birnin Cleveland cikin 1870, ya haɗa baki a asirce da manyan kamfanonin jirgin ƙasa guda uku. Ga yadda dabarar take. Za a ƙara kuɗin dakon mai a kan kowa. Gangar ɗanyen mai daga yankin rijiyoyi zuwa New York za ta koma dala 2.56, amma waɗanda ke cikin yarjejeniyar a bayan fage za a mayar musu da dala 1.06. Abin bai tsaya nan ba, domin ko gangar abokin hamayyarsu ce aka ɗauka, daga cikin kuɗin da ya biya za a yanki wani kaso a miƙa musu. Duk ɗan kasuwar da ya san cewa ribar buhu ko jarka takan ƙare ne a kuɗin mota, ya san ba mai iya zama kasuwa ɗaya da wanda ke da irin wannan gata.

Da asirin ya tonu, ƙananan masu rijiyoyi, har da mahaifin Ida, suka haɗa kai suka ƙi sayar wa ƴan yarjejeniyar da mai ko ganga ɗaya, har sai da aka soke ta cikin watan Afrilu. Sai dai kafin nan aikin gama ya gama. Cikin ƴan makonni Rockefeller ya saye matatun mai 22 daga cikin 26 da ke Cleveland, domin tsoro ya kama masu su. Bayan haka ya ci gaba da karɓar rangwame ta wasu hanyoyi, ya kama bututun mai, har ya zama kimanin kashi 90 cikin ɗari na man da ake tacewa a Amurka yana hannunsa. Mahaifin Ida ya yi ta fama, har ta kai shi ga jinginar da gidansa don biyan bashi, bayan abokin kasuwancinsa ya kashe kansa.

Ita kuwa Ida karatu ta sa a gaba. Ta shiga kwalejin Allegheny cikin 1876, ita kaɗai ce mace a ajinsu, ta gama cikin 1880. Ta yi koyarwa shekara biyu, sannan ta kama aiki a wata mujalla mai suna Chautauquan, inda ta koyi gyaran rubutu da tantance labari. Cikin 1891 ta tafi birnin Paris na ƙasar Faransa, tana zaune cikin ƙaramin hali, tana sayar da rubuce-rubucenta ga jaridun gida. A can ne ta ƙware wajen binciken tsoffin takardu. Mai mujallar McClure's ya ga aikinta ya ɗauke ta cikin 1894. Ta rubuta tarihin Napoleon, sannan na shugaba Abraham Lincoln, mujallar ta yi kasuwa ƙwarai, sunan Ida kuma ya zagaya ƙasar.

A wannan zamani masana'antu sun bunƙasa a Amurka, amma jama'a na kuka da yadda ƴan tsirarun attajirai suka yi kane-kane a kan mai da ƙarfe da sukari da jirgin ƙasa. Manoma da ma'aikata sun kafa ƙungiyoyi na neman gyara. An ma kafa dokar hana babakere tun 1890, wadda ake kira dokar Sherman, amma ba a cika aiki da ita ba. Cikin wannan hali ne mujallar ta ɗora wa Ida binciken Standard Oil. Mahaifinta ya ja mata kunne, yana tsoron kada su karya mujallar, amma ba ta fasa ba.

Ita dai Ida ba ta bi hanyar zagi ko jita-jita ba. Ta bi takardun shari'o'i da rahotannin kwamitocin majalisa jiha-jiha, ta zauna da mutanen da aka kora daga kasuwa, ta kuma yi ta hira da ɗaya daga cikin manyan kamfanin, Henry Rogers, wanda ya yi zaton zai shawo kanta. Babbar hujja ta zo mata ne ta hannun wani yaron ofis da aka ba wasu takardu ya ƙona. Yaron ya ga sunan malaminsa na coci, wanda ƙaramin mai matata ne, sai ya kai masa su, shi kuma ya miƙa wa Ida. Takardun sun nuna cewa ma'aikatan jirgin ƙasa na tsegunta wa Standard Oil yawan kayan da kowane abokin hamayya ya loda da garin da za a kai su. Da wannan bayani sai wakilan kamfanin su riga kayan isa, su matsa wa mai saye ya fasa ciniki, ko su karya farashi a garin har ƙaramin ɗan kasuwa ya durƙushe, sannan su mayar da farashin sama.

Labarin ya fara fita cikin Nuwamba 1902, kashi-kashi har 19, aka kuma tara shi ya zama littafi mai juzu'i biyu cikin 1904. Ida ba ta hana Rockefeller haƙƙinsa ba. Ta yarda cewa mutum ne mai tsari da tattali da sanin sana'arsa. Abin da ta riƙe shi da shi shi ne, duk da wannan ƙwarewa bai yarda a yi gasa a fili ba. Shi kuwa bai tanka mata a bainar jama'a ba.

Mahaifinta ya rasu cikin 1905, bai ga ƙarshen al'amarin ba. Cikin 1906 majalisa ta zartar da dokar da ta ƙara wa hukuma ikon sa ido a kan kuɗin dakon jirgin ƙasa, a shekarar kuma gwamnatin shugaba Theodore Roosevelt ta kai Standard Oil ƙara. Ran 15 ga Mayu 1911 kotun ƙoli ta yanke hukuncin a wargaza shi zuwa kamfanoni 34. Daga cikinsu ne aka samu Esso da Mobil da Chevron, sunayen da ba baƙi ba ne a nahiyarmu. Wani abin mamaki shi ne, Rockefeller bai talauce ba. Yana da hannun jari a dukkan sababbin kamfanonin, darajarsu ta hau, dukiyarsa ta ƙaru. Amma dai an kafa hujjar cewa doka na iya hawa kan kamfani komai girmansa.

Bayan ta bar McClure's cikin 1906, Ida da wasu abokan aikinta sun sayi mujallar American Magazine. A nan ta yi dogon bincike a kan harajin shigo da kaya, ta nuna yadda tsadar kuɗin duwan ke kare manyan masu masana'antu, nauyin kuma ya faɗa kan talaka mai sayen takalmi da tufafi. Sai dai ba kowane ra'ayinta ne ya yi wa ƴan neman gyara daɗi ba. Ba ta goyi bayan fafutukar ba mata ƴancin jefa ƙuri'a ba, abin da ya ɓata wa ƙawayenta da yawa rai. Daga baya kuma ta rubuta tarihin wasu manyan masu masana'antu cikin yabo, har wasu suka zarge ta da yin sanyi.

Ida Tarbell ba ta yi aure ba, ta kuma ci gaba da rubutu da koyarwa har tsufanta. Ta rasu ran 6 ga Janairu 1944 a garin Bridgeport na jihar Connecticut, sakamakon ciwon huhu, tana da shekara 86 a duniya. Har yanzu makarantun koyon aikin jarida na Amurka na karantar da bincikenta a kan Standard Oil a matsayin misali na yadda ake bin diddigin kuɗi da takarda har a kai ga gaskiya.