Byang Kato: Bawan Allah Da Bai Ji Tsoron Karatu Ba

Karatun Yau: 2 Timoti 2:14-19

A nan Zongon Lome iyaye sukan zo wurina da damuwa iri ɗaya. Yaro ya shiga jami'a, an fara koya masa tarihin addinai, da ilimin ɗabi'a, da yadda Littafi Mai Tsarki ya iso hannunmu. Ya dawo gida da tambayoyin da ba a taɓa yi a Makarantar Lahadi ba. Sai uwa ta tsorata, uba kuwa ya ce a bar karatun nan tun bai ɓata masa bangaskiya ba. Kafin ku yanke shawara, ku ji labarin wani bawan Allah.

An haifi Byang Henry Kato ranar 23 ga Yuni 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, a kudancin Jihar Kaduna ta yau a Nijeriya. Mahaifinsa mai bin addinin gargajiya ne, ya kuma keɓe yaron domin hidimar tsafi. Amma yana ɗan shekara 12 Byang ya ji bishara ta bakin wata 'yar mishan ta SIM, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Mahaifinsa ya husata, yaron ya sha wuya a gida, duk da haka bai juya baya ba.

A 1955 ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, ya gama a 1957. Da yawa cikinmu nan muka tsaya, har da ni mai rubuta muku. Shi kuwa yana hidima yana karatu ta hanyar wasiƙa, har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar jami'a. A 1963 ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, ya samu digiri na farko a ilimin tauhidi. A 1967 aka naɗa shi Babban Sakataren ECWA, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya. A 1970 ya tafi makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, inda ya zama dokta.

Me ya sa ya sha wannan wahala duka? Kato ya ga ikilisiyoyin Afirka suna cika da mutane, amma sanin Maganar Allah bai yi zurfi ba. Ya san itacen da saiwarsa ba ta shiga ƙasa ba, iskar farkon damina ce take kayar da shi. Saboda haka bai guji tambayoyi masu wuya ba. Ya yi nazarin addinin kakanninsa Jaba a natse. Ya karanta manyan malamai kamar John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, ya nuna inda ya saɓa da su, yana tsaye a kan cewa ceto cikin Almasihu kaɗai yake. Ya kuma koyar cewa ɗan Afirka zai bi Yesu da harshensa, da waƙarsa, da suturarsa, muddin Littafi Mai Tsarki ne ma'auni.

A 1973 ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin Babban Sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska. Ya dage a kafa manyan makarantun tauhidi a nahiyarmu. Ranar 19 ga Disamba 1975 ruwa ya ci shi a bakin teku kusa da Mombasa, yana da shekara 39. Bai ga amfanin gonarsa ba, amma irin ya tsira: an buɗe makarantar Bangui a 1977 domin ƙasashe masu Faransanci irin Togo, sannan ta Nairobi a 1983.

Ya ɗan'uwana, kada ka hana ɗanka karatu don tsoro. Ka zauna da shi, ka ji tambayoyinsa, ku buɗe Littafin tare, ku je wurin fasto tare. Kai kuma ɗalibi, ka riƙe littafin aji a hannu ɗaya, addu'a da zumunta a ɗayan. Maƙwabtanmu a Zongo za su tambaye ka dalilin begenka. Ka shirya ka amsa da sani, da tawali'u, da ladabi.

Addu'a: Ya Uba, ka ba 'ya'yanmu hikima cikin karatunsu, ka tsare zukatansu cikin gaskiyarka. Cikin sunan Yesu. Amin.