Nana Asma'u, Uwar Gari

Kowane ɗan makaranta ya ji labarin Shehu Usumanu ɗan Hodiyo, da ƙanensa Malam Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. Amma gida ba ya tsayuwa da maza kaɗai. A cikin gidan Shehu an yi wata mace wadda Allah ya ba ta tsawon rai, ta ga farkon daular Sakkwato da idonta, kuma ta riƙe zumuncin gidan bayan manyansa sun shuɗe. Sunanta Nana Asma'u. Mutanen Sakkwato su kan kira ta Inna, ko kuwa Uwar Gari.

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekara ta 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa ga al'ada da an sa mata Husaina, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abinci a kogo sa'ad da ya fita hijira daga Makka. Suna kuwa linzami ne, gama ita ma ta yi hijira tana yarinya, ta kuma ƙare kwanakinta cikin hidimar mutane.

Mahaifiyarta Maimunatu ta rasu tun Asma'u ba ta yi wayo ba. Sai sauran matan Shehu, watau A'ishatu, da Hauwa'u mahaifiyar Bello, suka ɗauke ta suka rene ta tare da nasu 'ya'ya. Ku lura da wannan, domin shi ne tushen labarinta. Marainiyar da ta sami uwaye a gidan ubanta, ita ce daga baya ta zama uwa ga dubban mutane waɗanda ba ita ta haife su ba.

Gidan Shehu makaranta ne tun daga zaure har cikin gida. Shehu ya sha tsawata wa malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Saboda haka Asma'u ta ɗauki allo kamar 'yan'uwanta maza. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci tauhidi da fiƙihu da nahawu, ba ta kuwa bar koyon aikin gida ba. Kafin ta manyanta ta iya harshe huɗu: Fillanci, da Hausa, da Larabci, da Azbinanci.

Tana da shekara goma sha ɗaya zaman lafiyar Ɗegel ya ƙare. Saɓani ya yi tsanani tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka ɗaure kaya, aka ɗora littattafan Shehu bisa raƙuma, jama'a suka tashi zuwa Gudu. Wannan ita ce hijirar Shehu. Daga nan sai yaƙi. An yi nasara a Tabkin Kwatto, amma a Tsuntsuwa jama'a sun sha wuya ƙwarai, har an ce mahaddatan Alƙur'ani ɗari biyu suka kwanta dama a wurin. Mata da yara suna biye da runduna daga sansani zuwa sansani, ga yunwa, ga ciwo, ga rashin matsuguni, har suka sauka Gwandu a 1805. Asma'u ta ga yadda mata ke zama gwauraye dare ɗaya, ta ga yadda yara ke zama marayu. Abin da ta gani a shekarun nan bai fita daga zuciyarta ba har ta tsufa.

Wajen 1807 aka ɗaura mata aure da Usumanu Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin yayanta Bello. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1809 kuma Bello ya soma gina Sakkwato. Nan Asma'u da mijinta suka kafa gida, a wurin da har yau a ke kira unguwar Giɗaɗawa. Allah ya ba su 'ya'ya maza, babbansu Abdulƙadir, akwai kuma Ahmadu da waɗansu.

A shekara ta 1817 Shehu ya rasu. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuwa ya zama Wazirinsa. Gidan Waziri ba ƙaramin gida ba ne. Ta hannunsa takardun sarakunan gabas, irin su Kano da Zazzau, su ke isa ga Sarkin Musulmi, saboda haka manzanni da malamai da baƙi ba su yankewa daga ƙofarsa. Ko Baturen nan matafiyi, Kyaftin Kilafatan, da ya zo Sakkwato a 1824, a wurin Giɗaɗo aka sauke shi. Uwargidan irin wannan gida tana da babban aiki: ciyad da baƙi, da lura da yara, da sulhunta masu faɗa, da duba marasa lafiya. Duk da haka Asma'u ba ta ajiye alƙalami ba.

Ɗaya daga cikin manyan hidimomin da ta yi wa gidansu shi ne adana littattafan mahaifinta. A zamanin nan babu injin buga littafi a ƙasar. Kowane littafi da hannu a ke rubuta shi, a kan warƙoƙi waɗanda ba a ɗinke ba, a sa su cikin gafaka. In gara ta ci, ko ruwa ya taɓa, ko warƙa ɗaya ta ɓace, an yi hasara ke nan. Asma'u ta tsaya wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da shirya su. Ita da Giɗaɗo kuma suka rubuta tarihin Shehu da na Bello, shi da zube cikin Larabci, ita da waƙa, domin jikoki su san irin wahalar da kakanninsu suka sha. Ta kuma juya waƙar Shehu mai suna Tabbat Haƙiƙa daga Fillanci zuwa Hausa, don talakawa su ji gargaɗin da ke cikinta da harshensu.

Tsakaninta da Bello akwai ƙauna da girmamawa. Ya girme ta da shekara goma sha biyu, amma ya san darajar ilminta, har ya kan ba ta aikin rubutu. Da ya tattara labarin mata salihai cikin Larabci, ita ce ta mai da shi waƙa da Fillanci da Hausa, ta kuma ƙara da sunayen matan kirki na gidan Shehu. Haka nan ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka haifa a shekarar da mahaifinsu ya rasu, ya yi aiki tare da ita, ya juya waɗansu waƙoƙinta zuwa Hausa. Ta haka ilmin gidan ya riƙa gangarowa daga manya zuwa ƙanana.

Amma Asma'u ba ta ɗauki iyali a kan waɗanda ke cikin katangar gidanta kaɗai ba. Ta duba ta ga ƙauyuka cike su ke da mata waɗanda ba su sami karatu ba. Waɗansu yaƙi ne ya raba su da garuruwansu, waɗansu kuwa sun koma ga bori domin ba su da mai koya musu wani abu dabam. Matan aure ba su iya barin gidajensu su zo Sakkwato, ita kuma ba ta iya zuwa kowane ƙauye. Sai ta yi dabara. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta naɗa kowace ta zama jaji, watau jagorar ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Kowace jaji ta kan taho daga ƙauyensu da ayarin tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su zauna gaban Nana su koyi karatu, sa'an nan su koma su koya wa matan auren da ke gida. Waɗannan mata su a ke kira 'Yan Taru.

Da ya ke yawancinsu ba su iya karanta rubutu ba, sai ta shirya musu darussa cikin waƙa, gama waƙa tana da saurin shiga kai, kuma mace tana iya rera ta tana daka ko tana kaɗi. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka, akwai ta tarihin Annabi, akwai masu koya salla da azumi da kyakkyawan hali. 'Yan Taru su kan kawo mata kyautar hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuwa ta kan raba wa gajiyayyu da marasa lafiya. Ta hore su da taimakon mata wajen haihuwa, da lura da marayu, da wankan gawa, da sulhu tsakanin maƙwabta. Sunanta ya kai nesa, har wani babban malami da ya zo daga ƙasar Shingiɗi, can yamma, ta yi masa maraba da waƙar Larabci.

Tsawon rai baiwa ce, amma yana da nasa nauyi, domin mai daɗewa shi ke ganin rasuwar masoyansa. Baffanta Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu wajen 1829. Bello ya rasu a Wurno a 1837, shekara ɗaya bayan yaƙin Gawakuke. Wajen 1850 ta rabu da Giɗaɗo, bayan zaman aure na fiye da shekara arba'in. Aminiyarta A'ishatu, matar Bello, ta bi su. Har ɗanta Abdulƙadir, wanda ya gaji ubansa a sarautar Waziri, ya riga ta. A ƙarshe 'yar'uwarta Faɗimatu ta rasu, saura kaɗan ita ma ta cika.

Da yawa daga cikin waɗannan ta yi musu waƙar ta'aziyya. Abin lura shi ne irin halin da ta ke yabo a cikin waƙoƙin nan. Ba ta kan tsaya ga dukiya ko sarauta ba. Abin da ta ke ambato shi ne haƙuri, da tsoron Allah, da kyauta, da sada zumunci. Ba ta kuma keɓe manya kaɗai ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima waƙa saboda kyawun zamanta da mutane, ta yi wa wata mai suna Zaharatu saboda taimakon da ta ke yi wa mata masu naƙuda. A wurin Nana, mace mai kirki ta cancanci a tuna da ita kamar yadda a ke tuna da sarki.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara wajen 71. Bayan mahaifinta ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu: Bello, da Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku. Ta zama matar Waziri, da uwar Waziri, da kakar Waziri, duk tana da rai. An rufe ta a Hubbare, kusa da kabarin Shehu. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Sarautar Waziri kuwa ta zauna a zuriyarta. Waziri Junaidu, shahararren malamin tarihin nan wanda ya rasu a 1997, tattaɓa-kunnenta ne ta wajen ɗanta Ahmadu. Rubuce-rubucenta wajen 60 sun iso gare mu, kuma makarantun 'yan mata da yawa suna ɗauke da sunanta.

To, yara, ga abin da za mu koya. Waɗansu suna tsammani in yarinya ta yi karatu ba za ta iya riƙon gida ba. Nana Asma'u ta riƙe babban gida, ta reni 'ya'ya da jikoki, kuma ilminta ne ya ƙara mata ƙarfin yin haka. Ku 'yan mata, ku riƙe karatunku da kyau. Ku samari, kada ku raina karatun 'yan'uwanku mata. Dukanku kuma, in kuna da kaka ko wata tsohuwa a gida, ku girmama ta, ku zauna kusa da ita ku ji labarin da, tun tana da rai. Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya ba mu albarkacin iyayenmu, amin.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Nana Asma'u, kuma a wace shekara?
2. Su wane ne suka rene ta bayan rasuwar mahaifiyarta?
3. Wace hidima ta yi wa littattafan Shehu?
4. Mene ne aikin jaji, kuma mece ce alamar naɗinta?
5. Don me ta shirya darussanta cikin waƙa?
6. Rubuta labarin wata tsohuwa ta gidanku, ka faɗi alherin da ta ke yi wa mutane.