Sir Percy Girouard: Gwamnan Da Ya Shimfiɗa Dogo Zuwa Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya karanci tarihin zuwan Turawa ƙasar Hausa, sunan da ya fi cin karo da shi shi ne na Gwamna Lugga. Ba kasafai ake ambaton wanda ya gaje shi ba, alhali kuwa aikin da wannan mutum ya bari ya taɓa rayuwar Bahaushe ta fuskar ciniki da tafiye-tafiye da zama a kurmi, har ma da harshen da muke nazari. A wannan rubutu zan kawo tarihin Sir Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa wanda ya mulki Arewa daga 1907 zuwa 1909. Na zaɓe shi ne saboda dalilai biyu. Na farko, ni ɗan Agege ne ta jihar Legas, kuma zaman Hausawa a can ba ya rabuwa da tarihin dogo. Na biyu, aikin nasa ya bar mana kalmomi da adabi waɗanda suka shafi ɗalibin Hausa kai tsaye.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Girouard ranar 26 ga Janairu, 1867, a birnin Montreal na ƙasar Kanada. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne daga cikin 'yan Kanada masu magana da Faransanci, kuma daga baya ya zama alƙali a kotun ƙoli ta ƙasar. Percy ya shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta Kingston, inda ya karanci aikin injiniya ya gama a 1886. Daga nan ya yi shekara biyu yana aiki da kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific, a wani layi da ake shimfiɗawa cikin dazuzzukan jihar Maine ta Amurka. A nan ya koyi awon hanya da ɗora kwangiri da hannunsa.

A 1888 ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Ingila. Daga 1890 zuwa 1895 shi ne mai kula da ƙananan jiragen da ke jigilar kaya a cikin masana'antar makamai ta Woolwich, a gefen Landan. Aiki ne wanda ba a yi wa mai yin sa kirari, amma a nan ya laƙanci yadda ake tafiyar da kawunan jirgi da taragai a ƙuntataccen wuri ba tare da wani ya tare wa wani hanya ba.

Aikinsa a Sudan

A 1896 Janar Kitchener ya tashi daga Masar da nufin rushe daular Mahadi ta Sudan, wadda a lokacin Halifa Abdullahi ke mulkinta. Babbar matsalarsa ita ce yadda zai kai sojoji da abinci da makamai, domin kogin Nilu yana da duwatsun da ke hana jiragen ruwa wucewa, raƙuma kuma ba za su iya ɗaukar kayan ba. Sai ya danƙa aikin dogo a hannun Girouard, wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba.

Abin da ya tarar a Wadi Halfa tsofaffin kawunan jirgi ne da suka sha rana da yashi, waɗansu ma an daɗe da jingine su. Ya kafa ma'aikatar gyara, aka riƙa kwance su ana wankewa, ana ƙera abin da ya lalace, ana mayarwa. Da ya ga ba za su isa ba, sai aka samo waɗansu da aka ƙera domin Afirka ta Kudu, aka kuma sayo waɗansu daga Amurka. Kafin a fara aikin hamada ya zauna ya rubuta jerin duk abin da za a buƙata a cikin wani littafi mai kauri, tun daga kan jirgi har ƙusar da ake kafe kwangiri da ita, domin ya san in abu ɗaya ya yanke a tsakiyar hamada, aiki ya tsaya ke nan.

Ranar 1 ga Janairu, 1897, aka fara shimfiɗa layi daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, tafiyar kimanin mil 230 cikin hamadar da babu gari babu rijiya. Jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, saboda haka ba ya motsi sai da ruwa. Dole kowane jirgi ya ja tankunan ruwan da zai sha zuwa da dawowa, da na leburori, kafin a yi maganar kayan aiki. Tashoshin hanyar ba su da suna sai lamba, don babu garin da za a raɗa musu sunansa. An yi dace aka haƙa aka sami ruwa a wurare biyu, abin da ya rage wahalar ƙwarai. Layin ya isa Abu Hamed a ƙarshen Oktoba na 1897, ya kai Atbara a 1898. Ranar 2 ga Satumba na shekarar aka gwabza yaƙin Omdurman, inda aka kashe mayaƙan Halifa kimanin dubu goma a wuni guda. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: layin da ya ɗaukaka sunan Girouard layin yaƙi ne, an gina shi domin cin ƙasar wasu.

Bayan haka ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa ta Masar. Da yaƙin Bowa ya ɓarke a Afirka ta Kudu a 1899, aka tura shi ya riƙe jiragen soja har zuwa 1902, yana gyara gadojin da abokan gaba ke fasawa. A cikin wannan yaƙi ne aka ba shi lambar girma ta Sir. A 1903 ya auri Mary Gwendolen Solomon, suka haifi ɗa guda.

Zuwansa Arewa da Aikin Baro Zuwa Kano

Lugga ya bar Arewa a 1906. Tun kafin tafiyarsa ake gardama a kan yadda za a haɗa Kano da teku. Gwamnan Kudu, Walter Egerton, yana so a ci gaba da layin Legas, wanda aka fara a 1896, ya ratsa Agege da Abeokuta ya isa Ibadan a 1901. Mahukuntan Arewa kuwa suna son layinsu na kansu daga bakin kogin Kwara, domin kada su dogara da Legas. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar ƙasashen mulkin mallaka, ya goyi bayan layin Arewa. Don haka aka naɗa Girouard a 1907 ya zo Zungeru, hedkwatar Arewa ta wancan lokaci. A ƙarshe aka amince da layukan biyu, a kan za su haɗu.

Shawarar farko da ya yanke ita ce ta faɗin layi. Lugga ya fi karkata ga siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 saboda araha. Girouard ya tsaya a kan ƙafa 3 da inci 6, daidai da na Legas da wanda ya yi a Sudan. A ganina wannan ita ce shawararsa mafi amfani, domin da an yi faɗi biyu daban, da duk buhun da ya taso daga Kano sai an sauke shi a tsakiyar hanya an sake lodi a wani tarago. Shawara ta biyu ita ce ba a ba ɗan kwangila aikin ba. Ma'aikatar ayyuka ta Arewa ce ta yi shi a ƙarƙashin John Eaglesome, domin a rage kuɗi.

An fara daga Baro, wani ƙaramin gari a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe. Manyan jiragen ruwa ba sa iya kaiwa can sai lokacin da kogi ya cika, don haka kwangiri da kawunan jirgi da taragai na shekara guda sai an kawo su cikin 'yan watanni. Daga Baro layin ya bi ta Minna, ya haye kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya isa Kano a watan Maris na 1911, a zamanin Sarkin Kano Abbas. Tsawonsa mil 356 ne. Girouard bai ga wannan rana ba, domin tun 1909 aka ɗauke shi. Layin Legas ya haɗu da wannan a Minna, kuma a 1912 aka haɗe hukumomin biyu suka zama ɗaya. A Jebba da jirgin fito ake haye da taragai, har aka buɗe gada a 1916.

Su Wa Suka Yi Aikin?

Arahar da aka yi alfahari da ita a Landan, talakan Arewa ne ya biya ta. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake ɗebo leburori, a ce kowace ƙasa ta kawo mutum kaza. Ana biyan su da kuɗin Turawa, abin da ya taimaka wajen kore wuri daga kasuwa, amma mutum ba shi da ikon cewa ba zai je ba, ko da gonarsa na jiran sa. Nufawa da Gwarawa da Zazzagawa su suka fi ɗanɗana wannan. A ƙasar Gwari ma har tashin hankali aka yi a Gusoro a 1909, aka yi asarar rayuka. Ba mu da sunayen waɗanda suka sare dazuzzuka suka ɗauki ƙasa a kai, amma su ne suka yi dogo.

Adabinmu ya adana wani abu na wannan zamani. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa, ya rubuta Waƙar Diga a kan shimfiɗa wannan layi. Ita kanta kalmar diga aro ce daga Turanci, kuma Bahaushe ya faɗaɗa ma'anarta daga sunan abin haƙa zuwa sunan aikin gaba ɗaya. Haka nan tasha da tarago da lebura da reluwe da fasinja duk sun sami gindin zama tare da jirgi. Sai dai ba komai aka ara ba. Bahaushe ya ɗauki tsohuwar kalmarsa ta jirgi, wadda da can ta ruwa ce, ya ce jirgin ƙasa. Ya dubi layin da ba a ganin ƙarshensa, ya kira shi dogo.

Sauran Ayyukansa da Ƙarshen Rayuwarsa

Girouard bai tsaya ga dogo kaɗai ba. Ya lura cewa da zarar jirgi ya zo, ƙasa za ta yi daraja, kamfanonin Turawa kuma za su nemi saye. Shi ya sa aka kafa kwamitin filaye a Landan a 1908, wanda ya haifar da dokar 1910 da ta sa duk ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar gwamna, ta hana sayar da ita ga baƙi. Wannan tsari shi ne tushen dokar filaye ta Arewa ta 1962, kuma ana ganin sawunsa a dokar amfani da ƙasa ta 1978. A zamaninsa ne kuma aka ɗora wa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, aikin tsara ilimin boko, har ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909.

Daga Arewa aka kai shi gwamnan ƙasar da a yau ake kira Kenya. A can ya yi akasin abin da ya yi a nan. Ya tashi makiyayan Masai daga makiyayarsu ta Laikipia domin a ba Turawa 'yan kaka-gida, alhali an yi musu alkawari a 1904 cewa ƙasar tasu ce. Da ta bayyana cewa ya riga ya yi wa Turawan alkawarin filayen ba tare da ya sanar da Landan ba, sai ya ajiye aiki a 1912. Ya koma kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth, ya kuma riƙe muƙamin samar da makamai na ɗan lokaci a 1915, lokacin yaƙin duniya na farko. Ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumba, 1932, yana da shekara 65.

Abin da Dogo Ya Haifar

Turawa auduga suka sa wa rai domin masaƙun Ingila, amma manomin Kano ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in ciniki ya ƙi ana iya cinta. Daga 1912 gyaɗa ta mamaye tashar Kano, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har aka kai ga dalar gyaɗa. Baro kuwa, wadda aka fara aikin dominta, ta koma baya, saboda 'yan kasuwa sun gwammace layin Legas da ke aiki rani da damina.

Mu a Agege ribarmu ta goro ce. Kafin jirgi, fatake kan yi watanni da jakuna zuwa Gwanja. Da aka fara noman goro a gonakin Agege da kewaye, ga kuma tasha a bakin gona, sai Hausawa suka sauko suna saye, suna ɗaurewa a huhu, suna lodawa zuwa Arewa, taragai kuma su dawo da shanu. Haka zango ya kafu, aka yi sarkin Hausawa, aka gina masallatai da makarantun allo, aka hayayyafa. Layin da ya ɗauki wannan ciniki mai faɗin ƙafa 3 da inci 6 ne. A 2021 aka buɗe sabon layi mai faɗin zamani daga Legas zuwa Ibadan, shi ma da tasharsa a Agege. Wanda ke son ganin kayan aikin da, sai ya ziyarci gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta, ginin 1898 wanda aka gyara a 2010 aka mai da shi ƙaramin gidan tarihi.

Kammalawa

A wannan rubutu na bi rayuwar Girouard daga Kanada zuwa Sudan da Afirka ta Kudu da Arewa da Kenya. Gwani ne a sana'arsa, mai tsara abu tun kafin a fara, amma gwanintar tasa mulkin mallaka ta yi wa hidima, kuma da gumin waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba aka yi aikin. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala karatu, da su waiwayi tsofaffin ma'aikatan reluwe da dattawan zangunan Agege da Sabo ta Ibadan da Tudun Wadar Zariya. A bakinsu akwai kalmomi da waƙoƙin aiki da labaran dogo da ya kamata a rubuta tun suna raye.